Kantar ƙafa

Kantar ƙafa kauri ne da tauri da fata ke yi a inda takalmi ya daɗe yana matsa ta ko gogar ta, galibi a kan ƙaramin yatsa, da gefen babban yatsa, da tsakanin yatsu inda gumi ke taruwa. Ta bambanta da bororo, wanda ruwa ke taruwa a cikinsa, da kuma faso, wato tsagewar dunduniya lokacin hunturu. A karkara irin ta Kelle, da ke gundumar Gure a jihar Damagaram ta Nijar, inda ake doguwar tafiya a ƙasa cikin rairayi da duwatsun Kutus, rufaffen takalmin roba mai riƙe gumi da yashi yana ƙara gogar fata.

Rigakafinta shi ne takalmi mai faɗin baki da ke barin sarari kamar santimita 1 gaban yatsa mafi tsawo, kuma an fi so a gwada shi da yamma, domin ƙafa kan ɗan kumbura bayan yini. Ana sauƙaƙa ta da jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti 10, a goge a hankali da dutsen goge kaushi, sannan a shafa man kaɗanya. Yanke ta da reza kan jawo gyambo, musamman ga masu ciwon sukari, waɗanda likitoci ke hana su taɓa ta da kansu.