Rauni da hutu a ƙwallon kwando: yadda kakar wasa ke kuɓuce wa ƙungiya

A ƙwallon kwando, wanda matasanmu suka fi kira basket, mutum biyar ne kawai kowace ƙungiya ke sakawa a fili. Shi ya sa in gwani ɗaya ya ji ciwo, giɓin ya fi na ƙwallon ƙafa girma. A gasar NBA ta Amurka kuma kowace ƙungiya na buga wasa 82 cikin wata shida, wani lokaci yau a wannan gari, gobe a wancan.

Misalin da muka zaɓa shi ne ƙungiyar Golden State Warriors. Daga 2015 zuwa 2019 sau biyar a jere tana kaiwa wasan ƙarshe, ta ɗauki kofi uku. A wasan ƙarshe na 2019 da Toronto, agarar Kevin Durant ta tsinke, daga baya ya sauya ƙungiya. A wasan da ya biyo baya Klay Thompson ya tsinka jijiyar gwiwa, bai taka fili ba duk kakar da ta biyo. Saura Stephen Curry. Shi ma ran 30 ga Oktoba ɗan wasan Phoenix ya faɗo masa a hannun hagu, hannun ya karye. Wasa biyar kacal ya buga a kakar. Kafin korona ta tsayar da gasa a watan Maris na 2020, Warriors ta ci wasa 15, an ci ta 50. Ita ce ta ƙarshe.

To a nan ne lissafi ke sauyawa. A NBA ba a mayar da na baya ƙaramin rukuni. Hasali ma na baya su ke da damar fara zaɓar sababbin ƴan wasa: a wancan lokacin ƙungiyoyi uku mafi rauni kowace na da kashi 14 cikin 100 na cin ƙuri'ar zaɓin farko. Don haka in mai horarwa ya ga kaka ta lalace, me zai sa ya gaggauta dawo da gwaninsa? Wani hutun likita ne ya ba da shi, wani kuwa dabara ce kawai, kuma daga waje da wuya ka bambance.

Hukumar gasar ba ta son wannan, don ɗan kallo ya sayi tikiti da tsada ne don ganin gwanaye, sai ya iske su zaune a benci. A watan Afrilu na 2023 ta ci tarar Dallas dala 750,000, sama da miliyan 400 na sefa, saboda ta ajiye manyan ƴan wasanta a karawa da Chicago alhali tana da sauran damar tsallakewa. Mu dai a ganinmu tarar ba ta yi wa Dallas zafi ba, tunda ta riƙe zaɓinta, kuma a 2024 ta kai wasan ƙarshe. Tun kakar 2023 kuma, wanda bai buga wasa 65 ba ba ya shiga takarar gwarzon shekara.

Warriors fa? Ta samu zaɓi na biyu ta ɗauki James Wiseman, wanda bai yi mata wani abin kirki ba. Abin da ya tashe ta shi ne warkewar tsofaffin hannu. Thompson, bayan agararsa ita ma ta tsinke a 2020, ya dawo a Janairun 2022, kuma a watan Yuni suka doke Boston suka ɗauki kofi.