Tarihin Haɗa Hotunan Zuciya Wajen Gyaran Rikicewar Bugu

Zuciya na bugawa ne da wata 'yar lantarki da take samarwa da kanta. Idan lantarkin ya kauce hanya, bugu ya rikice, wani lokaci jini ya daskare har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ɗaya daga cikin magungunan yau shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a ƙona daidai inda ɓarnar take.

Werner Forssmann, matashin likita a Jamus, shi ya fara zura bututu zuwa zuciyarsa ta hannunsa a 1929, ya ɗauki hoton ƙirji don shaida. A 1981 Melvin Scheinman ya yi ƙunar farko ga mutum ta bututu a San Faransisko. Sai dai hoton ƙirjin da ake bin bututun da shi inuwa kawai yake nunawa: ana ganin bututun, bangon zuciya kuwa ba ya fitowa sosai, ga tururin hoton da likita da majinyaci ke sha.

Buƙatar ganin bangon zuciya ta tsananta a 1998, da Michel Haïssaguerre na Bodo a Faransa ya nuna cewa rawar ɗakunan sama na zuciya galibi daga jijiyoyin huhu take tasowa. Wuri ne mai hatsari ƙwarai wajen ƙuna. Bututun abinci na kwance a bayansa, kuma tsarin jijiyoyin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Na'urar CARTO, wadda ta fito a shekarun 1990, tana bin kan bututun da maganaɗisu tana zana taswirar lantarki. A tsakiyar shekarun 2000 aka fara ɗora wannan taswira kan hoton CT ko MRI na majinyacin, sannan aka haɗa da na'urar sauti da ke leƙa zuciya daga ciki. Hoton MRI ma har tabon tsoka yake nunawa. Wannan haɗin ne ya rage lalube.

A Najeriya wannan aiki bai yawaita ba. Manomin Sanyinna da ƙirjinsa ke dukan uku-uku ba gaira ba dalili, sai ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a yi masa gwajin ECG da hoton eko. Nan ake gano ko hawan jini ne sila, ko ƙofar zuciyar da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata.