Daga Bin Kuza zuwa Sanin Wutar Ƙasa

Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da guduma a hannu da taswira a hammata, muna hawa muna sauka a duwatsun Filato, mun sani sarai cewa wannan fanni namu, wato ilmin sanin duwatsu, sawun kuza ya biyo har ya shigo ƙasar nan. Tun gabanin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafuka, su narka shi, su zuba shi sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Ganinsa a hannun fatake kuwa shi ya sa aka yi ta cigiyar asalinsa, har aka aiko ayarin binciken ma'adinai ya zaga Arewa daga 1904 zuwa 1909. Jagoransu Dokta Falconer, wanda daga baya ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙasa da aka kafa a 1919, shi ne ya bayyana cikin littafinsa na 1911 cewa duwatsun giranit na ƙasarmu iri biyu ne, akwai tsofaffi akwai ƙannensu, kuma a jikin ƙannen nan kuza yake.

Masu kamfanin haƙar kuza wannan ya ishe su, amma ma'abuta bincike sai wata mas'ala ta tsaya musu a rai: me ya sa waɗannan duwatsu, idan aka zana su a taswira, suke fitowa zobe-zobe, wani cikin wani, kamar an jera faifai? An daɗe ana ƙiyasi, har Jacobson da MacLeod da Black suka tattara hujjoji cikin littafinsu na 1958, aka tabbata cewa kowane zobe saiwar wani ƙasurgumin dutse ne mai aman wuta, wanda bayan ya amayar da abin da ke cikinsa rufinsa ya rufta, narkakken dutse ya biyo tsagar da ta kewaye shi ya daskare, sa'an nan ruwa da iska suka yi ta cin samansa cikin zamunna masu tsawo har suka tone mana gindin. A Ningi da Burra ma har yanzu akwai ragowar aman da kansa. Ban manta ranar da malaminmu ya tsayar da mu a kan wani tudu ya ce mana a cikin tumbin dutse muke tsaye ba. Daga ranar ban ƙara kallon tsauni da idon da ba.

Abin da ya fi girma a wurina ya zo ne da aka iya auna shekarun dutse, domin sai ga shi zobban nan sun jeru bisa tartibi tun daga Azbin, inda suka haura shekara miliyan 400, su ratso Damagaram da Munyo, su shigo Dutse suna da wajen miliyan 213, har su tuƙe a Afu kusa da Binuwai suna da wajen miliyan 141. Wato wuta ɗaya ce ta yi ta ƙaura daga arewa zuwa kudu, sannu a hankali, a ƙarƙashin hanyar da raƙuman Azbinawa suke bi zuwa Kano. Malamai sun yi saɓani kan dalilin wannan ƙaura, kuma har yau ba a kai ga ijma'i ba.

Akwai kuma wuta ta baya-bayan nan, wadda ta bar baƙin dutse a Panyam da Kerang da tudun Biu, ta bar tafkin Tila a bakin raminta, ta bar dutsen Wase tsaye shi kaɗai, wanda a haƙiƙa toshiyar maƙogwaron wani dutse ne da jikinsa ya zaizaye. Ita ma da farko don kuza aka kula da ita, saboda amanta ya binne tsofaffin rafuka da arzikinsu. Matattu muke kiran waɗannan duwatsu, ba tare da wani ɗar ba, har daren 21 ga Agusta 1986, lokacin da tafkin Nyos na Kamaru ya saki iskar da ta taru a ƙarƙashinsa, ta gangara ƙauyuka ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. Tun daga nan duk wanda ya san aikinsa a cikinmu yakan auna harshensa kafin ya furta kalmar nan.

Nijar ta keɓe wani yanki na Azbin da Tenere, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 1991. Mu kuwa tuddan Panyam da na Biu, waɗanda kowane ɗalibi ya kamata ya taka su da ƙafarsa ya leƙa bakinsu, galibi ba su da ko allon da zai gaya wa mai wucewa abin da yake gani, kuma ina jin ciwon haka duk lokacin da na kai yara can na tarar da wani gefen tudu an fasa an kwashe a tifa.