Taskar Bayanan Gini a Intanet

Taskar bayanan gini a intanet hanya ce ta adana zanen gini da ma'aunansa da lissafin siminti da rodi a manyan kwamfutoci na nesa, ta yadda mai zane da injiniya da ɗan kwangila, ko da nisa ya raba su, za su duba kwafi guda, duk gyaran da ɗayansu ya yi kuwa sai ya bayyana ga saura nan take. Ginshiƙinta shi ne tsarin BIM, wanda ake siffanta gini da shi a kwamfuta tun ba a haƙa harsashi ba, wanda kuma gwamnatin Birtaniya ta wajabta a ayyukanta a 2016.

A ƙasar Daura, inda a da ilimin tubali da azara yake a ƙirjin magina, ɗa ya gada daga uba, haƙiƙa bukatar wannan fanni ta bayyana tun da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a 2019, aka kuma ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura a 2021, a hannun kamfanin Mota-Engil. Domin a aiki mai gadoji da tashoshi, idan tsohon zane ya faɗa hannun ma'aikata, asarar ba ƙarama ba ce. Sharuɗɗan wannan taska su ne lantarki, da intanet mai ƙarfi, da amanar wanda aka danƙa wa mabuɗi. Wajibi ne makarantun fasaha su karantar da ita.