Kasafin Lokaci da na Ma'ajiya wajen Ƙirƙirar Sautin Kiɗa a kan Maikurokontirola

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ke taƙaita mai haɗa na'urar kiɗa da hannunsa idan ya ɗora manhajar sauti a kan maikurokontirola, wato guntun kwamfuta guda da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa da ma'ajiya a cikinsa. An kwatanta alluna huɗu, Arduino Uno da Raspberry Pi Pico da Teensy 4.0 da Daisy Seed, ta hanyar lissafi daga alƙaluman da masu ƙera su suka wallafa. An gano cewa ƙirƙirar sauti lokaci take ci, sarrafa sautin da ya shigo kuwa ma'ajiya yake ci, kuma a ƙananan alluna ma'ajiyar ce ke fara ƙarewa. Daga nan aka duba dabarar Karplus da Strong ta kwaikwayon tsirkiya, da matsalar saiti da ke tattare da ita.

Gabatarwa

Tun da aikin Arduino ya soma a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, ɗalibai da makaɗa masu sha'awar lantarki suka samu hanyar haɗa sintesaiza, wato na'urar ƙirƙirar sauti, da kuɗi kaɗan. Abin bai tsaya a wasa ba. A 2010 Émilie Gillet ta fitar da Shruthi-1 a Faransa, sintesaiza da ke gudana a kan guntu mai bit 8, kuma daga nan kamfaninta na Mutable Instruments ya yi suna, yana sakin manhajojinsa a fili ga duk mai son karantawa.

Sai dai mai farawa yakan zaɓi allo ne ta duban saurin agogonsa kawai. Hujjar wannan maƙala ita ce wannan ma'auni bai isa ba, kuma shi ne ke sa mutum ya ɓata makonni yana neman amsa-kuwwa daga allon da ba shi da wurin ajiye ta.

Kasafin lokaci

A cikin kwamfuta sauti jerin lambobi ne, kowace lamba samfuri guda na motsin lasifika. Ƙa'idar da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce yawan samfuri a sakan dole ya zarce ninki biyu na girgiza mafi kaifi da ake son fitarwa. Kunnen ɗan Adam yana ji har kusan Hz 20,000, shi ya sa faifan CD ke amfani da samfuri 44,100 a sakan. Idan aka raba saurin agogon allo da wannan adadi, za a samu yawan bugun agogon da mai manhaja ke da shi kafin lasifika ta nemi samfuri na gaba. Wanda ya makara, kunne zai ji ƙas-ƙas nan take.

Guntun ATmega328P da ke kan Uno yana gudu a MHz 16, don haka bugu 362 kacal ke gare shi a kowane samfuri. Wannan ne dalilin da taskar manhaja ta Mozzi, wadda Tim Barrass ya rubuta, ta sauko zuwa samfuri 16,384 a sakan, abin da ya ɗaga kasafin zuwa bugu 976. Ta kuma ware karanta maɓallai da makunnai zuwa sau 64 kawai a sakan, tunda yatsa ba ya sauri kamar sauti. Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, yana da ƙwaƙwalwa biyu masu MHz 133, kowace da bugu kusan 3,000. Teensy 4.0 na kamfanin PJRC yana da MHz 600, wato bugu 13,605. Daisy Seed na Electrosmith, mai MHz 480, yana da bugu 10,000 idan ana aiki da samfuri 48,000.

Bugu 976 ba su da yawa, amma sun isa fitar da muryoyi da dama a lokaci guda, domin hanyar da aka saba bi tana da arha ƙwarai. Ana ajiye siffar zagaye ɗaya na igiyar sauti a tebur cikin ma'ajiyar dindindin, wadda a Uno ta kai kilobayit 32. A kowane samfuri sai a ƙara wata lamba a kan maƙirga, a ɗauki bit ɗin sama na maƙirgar a matsayin adireshi a teburin. Girman lambar da ake ƙarawa shi ke yanke kaifin sautin. Tarawa ɗaya ce da karatu ɗaya. Hatta dabarar FM da John Chowning na Jami'ar Stanford ya wallafa a 1973, wadda Yamaha ta gina DX7 a kanta a 1983, a mafi sauƙin siffarta maƙirga biyu ce da ninkawa ɗaya. Abin da ya kamata a guje wa a Uno shi ne rabawa da lambobi masu ɗigo, domin guntun ba shi da sashen da ke yin su kai tsaye.

Saukowa zuwa 16,384 tana da farashinta. Iyakar girgiza ta koma Hz 8,192, kuma duk abin da ya haura ta yakan naɗo ya dawo ƙasa. Igiya mai siffar haƙoran zarto a Hz 1,000 tana da reshe na tara a Hz 9,000, wanda zai dawo a Hz 7,384, girgizar da ba ta da dangantaka da sautin asali. Ita ce ƙarar nan mai kama da ƙarfe da ake ji a manyan maɓallai.

Kasafin ma'ajiya

A nan ne alluna suka rabu da gaske. Amsa-kuwwa tana bukatar na'ura ta riƙe abin da ta ji, ta maimaita shi daga baya. Sakan ɗaya na sauti a samfuri 44,100 mai bit 16 yana cin bayit 88,200. Ma'ajiyar aiki ta Uno, wato RAM, bayit 2,048 ce gaba ɗaya. Ko da an ba sautin dukkanta, abin da ba ya yiwuwa tunda manhajar ma tana bukatar wuri, milisakan 23 kawai za ta riƙe. Idan aka sauko zuwa bit 8 da samfuri 16,384, za ta kai milisakan 125. Pico mai kilobayit 264 yana riƙe kusan sakan 3. Daisy Seed, da megabayit 64 ɗinsa, yana riƙe kusan minti 6 ko da kowane samfuri na cin bayit 4.

A lura da tazarar. A sauri, Pico ya fi Uno sau takwas da ɗoriya a kowace ƙwaƙwalwa. A ma'ajiya ya fi shi sau 132.

Amon ɗaki, irin wanda murya ke yi a babban zaure, ya fi haka tsada. Manfred Schroeder ya nuna a 1962 cewa ana iya kwaikwayonsa da layukan jinkiri da dama masu tsawo dabam-dabam. Manhajar Freeverb, wadda masu sha'awa ke yawan kwafa, tana da layuka 12 a kowane ɓangaren lasifika, jimillar samfuri 12,587. A bit 16 wannan bayit 25,174 ne, fiye da ninki 12 na duk ma'ajiyar Uno. Babu wayon rubuta manhaja da zai cike wannan giɓi. A ganin mai wannan nazari, duk wanda burinsa sarrafa sautin jita ko murya ne, bai kamata ya fara da Uno ba, komai yawan darussan da aka rubuta a kansa.

Manyan alluna kuma ba sa lissafa samfuri ɗaya-ɗaya. Taskar sauti ta Teensy, wadda Paul Stoffregen ya jagoranta, tana aiki da tari na samfuri 128, wato milisakan 2.9, yayin da sashen DMA ke tura tarin da ya gabata zuwa guntun sauti ba tare da ya dami ƙwaƙwalwa ba. Kowane tari da aka ƙara a hanya jinkiri ne tsakanin yatsa da kunne, ga kuma kusan milisakan 1 da saƙon MIDI mai bayit 3, wato saƙon da ke sanar da an danna maɓalli, ke ɗauka a kan waya.

Tsirkiya a cikin bayit 150

Akwai dabara guda da ke amfani da jinkiri amma ta dace da ƙaramin allo. Kevin Karplus da Alex Strong ne suka wallafa ta a mujallar Computer Music Journal a 1983. Ana cika ɗan gajeren zoben ajiya da lambobin da aka zaɓa barkatai. Sai a riƙa zagaya zoben, a fitar da kowace lamba zuwa lasifika, a maye gurbinta da matsakaicinta da maƙwabciyarta. Zagayen farko hayaniya ce zalla, kamar lokacin da farce ya taɓa tsirkiya. A kowane zagaye girgiza masu kaifi na dusashewa kafin masu kauri, kuma haka tsirkiyar gaske take yi, ta jita ce ko ta gurmi ko ta kuntigi. Babu ninkawa ko ɗaya: tarawa ce, sai gusar da bit guda don rabawa biyu. Sautin Hz 110 a samfuri 16,384 yana bukatar zobe mai gurbi 148 kawai.

Matsalar tana wajen saiti. Tsawon zobe cikakkiyar lamba ne, kuma ɗaukar matsakaici yana ƙara rabin samfuri, don haka girgizar da ke fita ita ce yawan samfuri a raba da tsawon zobe da rabi. A ƙananan sautuka kuskuren ba ya jiyuwa. A Hz 880 kuwa, zobe mafi kusa mai gurbi 18 ne, yana ba da Hz 885.6, ya haura da kashi 11 cikin 100 na tazarar maɓallai biyu maƙwabta a fiyano. A Hz 1,760 zobe mai gurbi 9 yana ba da Hz 1,724.6, ya gaza da kashi 35. Wannan kam ko wanda ba makaɗi ba zai ji cewa wani abu ya karkace.

David Jaffe da Julius Smith sun kawo gyaran a wannan shekarar ta 1983: a saka ƙaramar matata a cikin zoben, wadda ba ta rage ƙarfin kowace girgiza amma tana jinkirta sautin da ɓangaren samfuri. Farashinta ninkawa ɗaya ce ko biyu a kowane samfuri, abin da ko Uno zai iya ɗauka.

Amfanin wannan gyara ya wuce daidaita maɓallan fiyano. Da zarar tsawon zobe ya daina zama cikakkiyar lamba, ana iya saita sauti a ko'ina, a kuma zame shi a hankali yana cikin ƙara. Mai son kwaikwayon molo ko garaya yana bukatar na farkon, domin makaɗi da kunne yake saita tsirkiyarsa, ba da matakai 12 na MIDI ba. Mai son kusantar kalangu yana bukatar na biyun, tunda makaɗin matsa igiyoyin yake da hammata domin sautin ya hau ya sauka tare da karin magana. A nan tarko ɗaya ne: idan aka sauya tsawon zoben sau 64 kawai a sakan, kunne zai ji hawan a matsayin matakala. Dole a lissafa zamiyar a kowane samfuri, a ware mata nata kaso daga bugu 976 ɗin tun kafin a ƙara murya ta biyu.