Daga Hannun Ubangida Zuwa Asusun Jama'a: Yadda Tallafi Ya Sauya Kama a Sakkwato

A zamanin Nana Asma'u, idan an kawar da amfanin gona, ayarin mata kan taso daga ƙauyuka su nufo Sakkwato da ƙafa. A gabansu akwai jaji, dattijuwar da Nana ta naɗa da hannunta, ta ɗora mata malfa, ta zagaye malfar da jan ƙyalle. Karatu ya kawo su, amma ba su zuwa hannu rabbana. Kowace da abin da ta ɗauko: hatsi, zuma, man shanu, ko ɗan ƙyallen saƙi. Nana kuwa ba ta tara kayan a ɗaka. Takan raba su ga marasa lafiya da gajiyayyu da masu naƙasa na gari. Waɗannan mata su ne 'Yan Taru, kuma tsarinsu ya ci gaba bayan rasuwarta a 1864.

Birnin Sakkwato da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya tashi ne da hanyoyin taimako iri uku. Akwai baitulmali, inda zakka da sauran kuɗin daula ke taruwa a hannun shugaba. Akwai sadakar jama'a irin ta 'Yan Taru, wadda ke fitowa daga talakawa ta koma ga talakawa. Sai kyautar ubangida ga baransa, wadda ita ce abincin masu fasaha.

Ta ukun nan ta fi barin suna. Makaɗin fada ba shi da albashi, yana da ubangida. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi a zamanin Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988. Ibrahim Narambaɗa ya fake a inuwar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Musa Ɗanƙwairo ya taso a fadar Maradun, daga baya Sardauna Ahmadu Bello ya jawo shi kusa. Ladan waƙa kan zo a siffar doki da sirdinsa, ko babbar riga da sarki zai tuɓe nan take a miƙa wa makaɗi a bainar jama'a, ko dame na gero bayan kaka. Makaɗin zai mayar da biki ta hanyar jero kyautar a waƙa ta gaba, don kowa ya ji, sauran masu sarauta kuma su ji kunyar yin ƙasa da haka. Tsarin ya raya fasaha, amma ya ɗaure ta da ran mutum ɗaya. Ran da ubangida ya faɗi ko aka tuɓe shi, makaɗi da 'yan amshinsa sai neman wata ƙofa.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka mayar da baitulmali taskar En'e mai kasafi da akawu. Zakkar hatsi ta narke cikin haraji, jangali ya zama kuɗin hukuma. Tun daga nan fitar da zakka ya koma sha'anin mutum da Ubangijinsa: attajiri ya ƙirga dukiyarsa, ya raba wa malamai da dangi da maƙwabta a ƙofar gida, babu rajista, babu mai bin sawu.

A daidai wannan zamani wata dabara ta ɓulla a Amurka. A 1914 wani lauya mai aikin banki, Frederick Goff, ya kafa gidauniyar birnin Cleveland. Masu hali su zuba dukiya a asusu guda, ba a taɓa uwar kuɗin, riba kawai ake rabawa, kuma kwamitin mutanen gari ne ke zaɓen ƙungiya ko mai fasahar da za a ba. Malamin Sakkwato da ya ji wannan bayani ba zai ga baƙon abu ba, domin haka wakafi yake tun gonar Sayyidina Umar ta Haibara: a tsare asali, a sadaukar da amfani. Sai dai wakafi bai yi jijiya a ƙasar Hausa kamar yadda ya yi a Masar ko Turkiyya ba. Ya fi tsayawa a masallaci da rijiya da maƙabarta da littattafan malamai.

Asusun jama'a irin na zamani ya shigo Sakkwato ne ta ƙofar ilimi. A 1967, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, Shehu Shagari ya zama sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, wanda ya tara gudummawar jama'a don gina makarantu a lardin da aka bari a baya a karatun boko. Ba da jimawa ba gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da taska. Fada ta rage abin hannu, makaɗa suka karkata ga attajirai da 'yan siyasa.

Zakka ta dawo hannun hukuma bayan guguwar shari'a da ta taso daga Zamfara a 1999. Gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta kafa kwamitin zakka da wakafi a 2007, sannan a 2016, zamanin Aminu Waziri Tambuwal, doka ta ɗaga shi ya zama cikakkiyar hukuma, ƙarƙashin Malam Muhammad Lawal Maidoki, Sadaukin Sakkwato. Aikinta ya bi ta hannun uwayen ƙasa a gundumomi, domin su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Daga asusun ake biyan kuɗin maganin marasa galihu, a yi wa marayu kayan Salla, a aurar da 'yan mata marayu, a ba mata jarin sana'a. Hukumar ta kuma shiga dashen itatuwa masu 'ya'ya da sunan wakafi, don a samu abin da zai riƙa shigo da kuɗi ba tare da jiran kason gwamnati ba.

Masu fasaha dai ba su cikin wannan lissafi, kuma da dalili. Alƙur'ani ya ƙayyade rukuni takwas na masu cin zakka, mawaƙi ko baduku ba ya shiga sai in talauci ya shigar da shi. Wakafi ya fi faɗi, tunda mai bayarwa ne ke shardanta inda amfanin zai tafi, muddin halal ne. Yana iya cewa a kula da tsofaffin rubuce-rubuce irin waɗanda ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ko a koya wa yara jima da dukanci da fatar jar akuyar Sakkwato. Amma masu bayarwa sun fi zaɓen masallaci da makaranta da marayu. Saboda haka mawaƙin Sakkwato na yau yana samun na cefane daga liƙi a wurin biki, da waƙar ɗan takara idan zaɓe ya matso, da ɗan abin da YouTube ke biya.