Jitar Bas da Faifan Garmaho: Tarihin Neman Amo Mai Kauri

Kafin shekarar 1951, makaɗan Amurka suna samun amo mai kauri ne daga wani ƙaton goge mai tsirkiya huɗu, wanda ake kafa shi a ƙasa, tsawonsa ya kai na mutum. Ɗaukarsa wahala ce, kuma da zarar ganguna da kakaki sun tashi, sai muryarsa ta nutse. A ɗakin ɗaukar sauti ma haka abin yake, domin makirufo yakan kwaso ƙarar sauran kayan kiɗa tare da tasa.

Wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na Jihar Kalifoniya, watau Leo Fender, shi ne ya fito da magani a 1951. Ya ƙera jita mai tsirkiya huɗu daga dunƙulallen katako, ya sa mata maganaɗisu mai juya girgizar tsirkiya ta zama lantarki, ya kuma gitta ƙananan ƙarafa a wuyanta don yatsa ya san daidai inda zai sauka. Saboda wannan daidaito ne ya raɗa mata suna Precision Bass. Gaskiya ne Paul Tutmarc na birnin Seattle ya riga shi yin irinta tun cikin shekarun 1930, amma tasa ba ta sami kasuwa ba.

Sai dai samun jita daban, shigar da amonta cikin faifai daban. Sauti mai kauri yana bukatar faffaɗan layi a jikin faifai, in kuwa ya yi yawa sai allura ta yi tsalle ta bar hanyarta. Don haka injiniyoyi suka riƙa rage shi, musamman na Ingila, waɗanda tsoronsu ya fi na kowa.

Waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki su ne mutanen kamfanin Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a birnin Detroit a 1959. Makaɗin bas ɗinsu, James Jamerson, ya riƙe wata Precision ƙirar 1962. Duk wanda ya dubi jitar nan da idon ɗan kasuwa, ba zai taya ta da tsada ba. Tsirkiyoyinta masu santsi ne, ba ya canza su sai in sun tsinke, har dauɗa da maiƙon hannu suka dusashe su. Akwai ɗan soso a gindinsu mai katse amo da wuri. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan jitar ƙwarai, har wasu makaɗa suka ce ba ta kaɗuwa. Shi kuwa da yatsa ɗaya tak yake fizgarsu, kamar yadda ya saba a kan babban gogen da ya fara koyo. Injiniyoyi kuma sukan jona wayarta kai tsaye cikin na'urar ɗaukar sauti. Abin da ya fito gajeren amo ne, dunƙulalle, wanda allura take iya bi, ƙaramar rediyo kuma take iya furtawa. Wanda ya saurari “My Girl” ta 1964 ya ji shi tun daga bugun farko.

Wannan amo ya hana mawaƙan Beatles sakat a London. A 1966, wajen ɗaukar “Paperback Writer”, Paul McCartney ya ajiye Höfner ya ɗauki Rickenbacker, injiniyoyin EMI kuma suka juya wata lasifika ta yi aikin makirufo don ta kamo kaurin.

Shi Jamerson, ba a fara rubuta sunansa a bangon faifan Motown ba sai 1971, a kan What's Going On na Marvin Gaye, bayan ya yi shekara goma ana rawa da kiɗansa ba a san shi ba. Da kamfanin ya koma Los Angeles a 1972, yayi ya juya. Masu shirya faifai suka so tsirkiya mai kaifin amo, aka roƙe shi ya canza tasa, ya ƙi. Aiki ya yi ta raguwa, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a watan Agusta na 1983 yana da shekara 47, kwanaki kaɗan bayan an sace jitar daga gidansa.